DARASI NA 14: IN KA BAR HAYA, A SOKE SUNANKA

Mutane da yawa suna kama hayar rumfa a kasuwa. Waɗansu kuma in sun tafi ci-rani birni, sai su kama hayar ɗaki. Ran da mutum ya shiga, akan rubuta sunansa a littafi. To, ran da zai fita fa? Nan ne yawancinmu muke sakaci.

A da En'e ke kula da kasuwanni. Bayan gyaran mulki na 1976, aikin yana hannun Ƙaramar Hukuma. Malamin kasuwa yana da babban littafi, ana ce da shi rajista. Muddin sunanka yana ciki, kai ake bi kuɗin rumfa, ko da ka kwashe kayanka. Littafi bai san ka tashi ba.

Ga misali. A ce kuɗin rumfa naira 2,000 ne a wata. Damina ta faɗi, ka koma gona, ba ka gaya wa kowa ba. Bayan wata 6 sai ka tarar ana bin ka naira 12,000. Ga hasara, ga jin kunya.

Haka abin yake ga ɗakin haya. A dokar Abuja da ta jihohi da yawa, in ba a yi wani sharaɗi dabam ba, mai hayar wata-wata akan ba shi sanarwar wata 1 kafin a tashe shi, mai hayar shekara kuwa wata 6. Kai ma kada ka tashi ba sallama.

Ga abin da za ka yi:

1. Ka sanar da mai gida ko malamin kasuwa tun da wuri, a rubuce.
2. Ka biya abin da ake bin ka, har da kuɗin wuta da na ruwa. Ka karɓi rasit.
3. Ku duba wurin tare, gaban shaidu biyu. Ka ba da makulli.
4. Ka tsaya a soke sunanka a kan idonka, a sa kwanan wata.
5. Ka karɓi takardar shaida, ka adana ta.

Ga yadda akan rubuta takardar:

"Yau ran 30 ga Afrilu, wane ya bar rumfa mai lamba 8. Ya ba da makulli. Ba a bin sa ko kwabo."

Sai malamin ya sa hannu, kai ma ka sa, shaidu su sa. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba. Amfanin karatu ke nan. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Mene ne rajista?
2. In kuɗin rumfa naira 2,000 ne a wata, nawa ne na wata 9?
3. Kowa ya rubuta takardar barin haya a littafinsa, ya nuna wa malam.