Yadda Muke Shafa wa Allon Zayyana Banish

Bara, ana saura kwana uku walimar sauka, muka ɓata allon wani ɗan'uwanmu. Mun ƙona adon gefensa da ƙarfe mai zafi, mun cike shi da fensir mai launi, ja da kore, sai muka lafta masa banish da burushi. Nan take jan ya narke, ya bi burushin ya shige cikin koren. Wallahi ranar ko tuwo ba mu iya ci ba.

Wani kafinta ne ya fahimtar da mu: ashe akwai kaki a cikin fensirin, banish kuwa narkar da shi yake yi, burushi ya kwashe.

Yanzu ƙuna muke fara yi, launi ya biyo baya. Mukan kakkaɓe ƙura, sannan mu fesa banish na gwangwani a waje inda iska take, daga nesa kamar santimita 30, kaɗan-kaɗan, sau 2 ko 3, kowanne sai ya bushe. Kafin nan mukan gwada a kan guntun katako.

Amma fa ban da allon karatu na kullum. In aka shafa masa, tawada ba za ta zauna ba.