Yadda Aka Gina Gasar Lig ta Farko: Kakar Ingila ta 1888 zuwa 1889

Duk mai bin tamaula ya san kakar wasa da teburin maki, wasan gida da na waje, da zakara a ƙarshen shekara, har a ga kamar da su aka haifi ƙwallon ƙafa. Alhali shekara 25 aka yi tsakanin kafa hukumar ƙwallon Ingila, wato FA, a 1863, da buga wasan lig na farko a 1888. Mutane ne suka zauna suka ƙera wannan tsari mataki-mataki, kuma wanda ya bi matakan da idon basira zai ga cewa ginshiƙin abin duka guda ne: alkawarin da ƙungiyoyi suka ɗaukar wa juna cewa ranar da aka sa wasa za a zo a buga shi. Gwanintar 'yan wasa da cincirindon 'yan kallo da kuɗin da suka biyo baya duk a kan wannan alkawari suka hau.

Mataki na farko shi ne amincewa da cewa ƙwallo sana'a ce. Waɗanda suka kafa FA galibi 'ya'yan masu hali ne daga manyan makarantun kudancin Ingila, masu ganin abin kunya ne mutum ya karɓi kuɗi don ya yi wasa. Amma a garuruwan masaƙun auduga na yankin Lancashire, ma'aikata sun samu hutun yammacin Asabar, suka riƙa cika filaye suna biyan kuɗin ƙofa, ƙungiyoyi kuma suka riƙa ɗauko gwanaye daga Sikotlan suna biyansu a ɓoye. A 1883 Blackburn Olympic, ƙungiyar ma'aikata, ta doke Old Etonians da ci 2 da 1 ta ɗauki kofin FA. A 1884 aka kori Preston North End daga gasar kofin bayan jagoranta, William Sudell, ya amsa cewa yana biyan 'yan wasansa. Ƙungiyoyin arewa suka yi barazanar ballewa su kafa tasu hukumar, ganin haka FA ta sakko, ta halatta biyan 'yan wasa a watan Yulin 1885. Daga ranar kowace babbar ƙungiya ta ɗauki nauyin albashin mako-mako a wuyanta.

Mataki na biyu shi ne gane inda ciwon yake. Albashi ba ya jira, kuɗin shiga kuwa ba shi da tabbas. A lokacin wasanni iri biyu ne: na kofi, wanda sili-ɗaya-ƙwale ne, ana doke ka ka fita sai baɗi, da na sada zumunta, wanda sakatarori ke shiryawa ta wasiƙa. Wasan sada zumunta bai da abin da ya ɗaure kowa. Ƙungiya kan soke zuwanta a ƙurarren lokaci don ta samu tayin da ya fi tsoka ko don wasan kofi ya faɗo mata, wata kuma ta turo 'yan wasan da ba su ne na gaba ba. Ko a kofin ma ana yawan haɗa kura da akuya: a watan Oktoban 1887 Preston ta ɗura wa Hyde ƙwallo 26 ba ko ɗaya, irin wasan da ɗan kallo ba zai sake biyan kuɗinsa don ganinsa ba. Wanda ya kama bakin zaren shi ne William McGregor, ɗan asalin Sikotlan, mai shagon sayar da yadi a Birmingham kuma ɗan kwamitin Aston Villa. Ranar 2 ga Maris, 1888 ya rubuta wa Blackburn Rovers da Bolton Wanderers da Preston da West Bromwich Albion da ƙungiyarsa wasiƙa, yana ba da shawarar manyan ƙungiyoyi 10 ko 12 su haɗu su tsara wasannin gida da waje a kowace kaka.

Mataki na uku shi ne zama da zaɓen waɗanda za a tafi da su. An yi zaman farko ranar 23 ga Maris a otal ɗin Anderton da ke Landan, jajibirin wasan ƙarshe na kofin FA, lokacin da shugabannin ƙungiyoyi ke hallara a birnin. Na biyu aka yi shi ranar 17 ga Afrilu a otal ɗin Royal na Manchester, inda aka raɗa wa ƙungiyar suna Football League, aka tsayar da mambobi 12. Shida daga Lancashire: Accrington, Blackburn Rovers, Bolton Wanderers, Burnley, Everton da Preston North End. Shida daga tsakiyar ƙasar: Aston Villa, Derby County, Notts County, Stoke, West Bromwich Albion da Wolverhampton Wanderers. McGregor ya zama shugaba, Harry Lockett na Stoke ya zama sakatare. Ma'aunin zaɓen bai tsaya ga ƙarfin ƙungiya a fili kawai ba. An duba yawan 'yan kallonta, an duba ko jirgin ƙasa zai kai baƙi garinta, sannan aka taƙaita ƙungiya ɗaya daga kowane gari don kada a raba kasuwa. Nottingham Forest da The Wednesday ta Sheffield na cikin waɗanda aka bari a waje.

Mataki na huɗu, wanda shi ne zuciyar aikin, shi ne jadawali. Ƙungiya 12, kowace ta karɓi sauran 11 a gidanta ta kuma kai musu ziyara, ya zama wasa 22 ga kowace ƙungiya, 132 gaba ɗaya. An ƙayyade adadin ne gwargwadon ranakun da suka rage bayan an ware na kofuna. Dokoki biyu suka riƙe jadawalin: ranar da aka sa ba ta tashi don wani tayi ya shigo, kuma dole kowa ya fito da 'yan wasansa mafiya ƙarfi. Mai masauki ke riƙe kuɗin ƙofa, ya ba baƙo wani adadi tsayayye. Tsarin ya yi kama da adashi: kowa ya zuba nasa ta hanyar zuwa gidan wani, ya kwashe ranar da aka zo gidansa, kuma mutum ɗaya ya saɓa, lissafin kowa ya rushe. Ranar Asabar 8 ga Satumba, 1888 aka buɗe da wasa biyar. Preston ta ci Burnley 5 da 2 a filin Deepdale, Everton ta ci Accrington 2 da 1 a Anfield, wanda a lokacin shi ne gidanta, West Brom ta je Stoke ta ci 2 da nema, Wolves da Villa suka tashi kunnen doki 1 da 1. A Bolton, Kenny Davenport ya zura ƙwallon da binciken baya-bayan nan ya tabbatar ita ce ta farko a tarihin lig, duk da haka Derby ce ta tafi da nasara da ci 6 da 3.

Mataki na biyar shi ne lissafin maki, kuma shi ne ya fi nuna abin da aka sa a gaba. An fara kakar ba a ma yanke yadda za a fitar da zakara ba. Sai a watan Nuwamba, wasanni sun yi nisa, aka tsayar da maki 2 ga wanda ya ci, maki 1 ga canjaras, bayan an ƙi ra'ayin masu cewa a ƙirga nasara kaɗai. Da neman zakara ne ya tara su, da wannan ce dokar da za su fara rubutawa. Abin da ya tara su shi ne tabbacin wasa kowace Asabar, maki ya zo daga baya ya ɗinke wasannin suka zama labari guda. Ƙa'idar ta yi ƙarko, domin ba a canza ta zuwa maki 3 ba sai 1981. Wasan kansa a wannan kaka ya sha bamban da na yau: ba raga a jikin turaku, ba bugun fenariti, duka biyun sai 1891 suka shigo, ba canjin ɗan wasa ko da ya ji rauni, alƙalai biyu ne a cikin fili, ɗaya daga kowane ɓangare, babban alƙali yana gefe sai sun saɓa a waiwaye shi, mai tsaron gida kuma yana da damar taɓa ƙwallo da hannu ko'ina a rabin filinsu.

Mataki na shida shi ne zama lafiya da waɗanda aka tarar, wato kofin FA da wasannin ƙasa da ƙasa. Waɗannan sun girme wa lig nesa ba kusa ba. Tun 30 ga Nuwamba, 1872 Sikotlan da Ingila suka buga wasan ƙasashe na farko a Glasgow, aka tashi babu ci, daga 1884 kuma aka fara gasar shekara-shekara tsakanin Ingila da Sikotlan da Wales da Ailan. Masu lig ba su ja da FA ba, suka zauna a ƙarƙashin dokokinta, suka buga mafi yawan wasanninsu kafin lokacin manyan zagayen kofi da wasannin ƙasashe. A 1889 Ingila ta ci Wales 4 da 1 a Stoke, ta ci Ailan 6 da 1 a Anfield, filaye biyu na 'yan lig, sannan Sikotlan ta zo Landan a watan Afrilu ta doke ta 3 da 2, ta kuma lashe gasar. Labarin John Goodall ya nuna yadda al'amura suka sarƙe. Shi ya fi kowa cin ƙwallo a lig a wannan kaka yana Preston. Iyayensa 'yan Sikotlan ne, a Kilmarnock ya tashi ya koyi wasa, amma da yake a Landan aka haife shi, Ingila ya buga wa. Ƙanensa Archie, wanda aka haifa a Belfast, daga baya Ailan ya wakilta. Ita kuwa Sikotlan ta ƙi gayyatar 'ya'yanta da ke karɓar albashi a Ingila har sai 1896.

Mataki na bakwai shi ne rufe kaka da hisabi. Preston ta ci wasa 18, ta yi canjaras 4, ba a doke ta ko sau ɗaya ba; ta zura ƙwallo 74, aka zura mata 15, ta gama da maki 40, Aston Villa na biye da 29. Ranar 30 ga Maris, 1889 ta ƙara da kofin FA, ta doke Wolves 3 da nema a filin Kennington Oval, ba tare da an ci ta ƙwallo ko ɗaya a gasar kofin ba. Babu wadda ta sake gama babbar gasar lig ɗin Ingila ba a doke ta ba sai Arsenal a kakar 2003 zuwa 2004. A ƙasan teburi kuma doka ta ce huɗun ƙarshe su nemi a sake zaɓensu. Burnley da Derby da Notts County da Stoke suka nema, aka mayar da su duka. Shekara ɗaya bayan nan Stoke ta sake zama ta ƙarshe, aka ba Sunderland gurbinta. Da haka wasan 'yan ƙasan teburi ma ya samu abin da ake kare wa.

Mai musu zai ce ana kambama takarda ne, alhali ƙwarewar Preston da ƙishirwar jama'a su suka ɗaga gasar, kuma ko ba McGregor abin zai faru. Amsar tana cikin kakar kanta. A 1888 ɗin ne ƙungiyoyin da aka bari a waje suka kafa tasu gasar mai suna Combination, da ƙungiyoyi kusan 20, cikinsu har da Newton Heath wadda ta zama Manchester United. Suna da 'yan wasa, suna da magoya baya, suna cikin yankuna guda da 'yan lig. Abin da suka rasa shi ne jadawali daga tsakiya, suka bar kowace ƙungiya ta shirya wasanninta da kanta. Wasanni suka yi ta rushewa, aka kasa gane wanne ne na gasa wanne ne na zumunta, kafin ƙarshen kakar gasar ta watse ba zakara. Da wasu daga cikinsu suka sake haɗuwa a 1889 da sunan Football Alliance, tsarin lig suka kwafa, ƙungiya 12 da wasan gida da waje, kuma ya riƙe su har aka haɗe su da lig a 1892 aka samar da rukuni na biyu. Yanki ɗaya, zamani ɗaya, bambancin kawai wanda ya ɗaure kansa da wanda bai ɗaure ba.

Wani kuma zai ce lig kulob ne na masu neman kuɗi, ya rufe ƙofa ga kudancin ƙasar, ya kuma rage wa wasan ƙasa da ƙasa daraja. Akwai gaskiya a farkon maganar: don kuɗi aka kafa shi, kuma ba ƙungiyar Landan ko ɗaya a ciki har sai da Woolwich Arsenal ta shiga a 1893. Sai dai manyan ƙungiyoyin kudu a lokacin su ne suka ƙi jinin biyan 'yan wasa, ƙofar kuma ba ta daɗe a rufe ba, tunda haɗewa da Football Alliance ta haifi rukuni na biyu, shi kuma ya haifi hawa da faɗuwa kai tsaye a 1898. Kuɗin ma bai tsirar da kowa ba, ga Accrington ta fice a 1893 ta mutu bayan 'yan shekaru. Game da wasan ƙasa kuwa, Sikotlan ta fi Ingila yawan nasara a karawarsu cikin shekarun 1880, amma tsakanin 1890 da 1895 ba ta doke Ingila ko sau ɗaya ba, lokacin da 'yan wasan da ke gogayya kowane mako suka yawaita a tawagar Ingila. Sikotlan da kanta ta kafa lig a 1890, ta halatta albashi a 1893.

Darasin ya shafi duk inda ake son gasa ta ɗore, daga ta unguwa zuwa ta ƙasa. Kafin a yi maganar kofi da masu ɗaukar nauyi, sai an fara samun ƙungiyoyin da za su iya kai kansu filin juna, da jadawalin da hannu ɗaya ya rubuta, da hukunci ga wanda ya ƙi zuwa, da hanyar shiga ga na waje. Gasar da ake ɗage wasanninta yadda aka ga dama, ko baƙo ya ji tsoron zuwa gidan mai masauki, ta rasa abin da ƙungiyoyi 12 suka fara ginawa a 1888, kuma kuɗi komai yawansu ba za su maye gurbinsa ba.