Ragowar Asid a Ɗakin Gwaji

Wani kuskuren da ɗalibai kan yi bayan darasin kimiyya shi ne tuttule ragowar ruwan asid a magudana. Yana cinye bututu, in kuma ya gamu da bilic sai iskar kulorin mai shaƙe numfashi ta tashi.

Mai lura yakan sa tabarau da safar hannu, ya tsiyaya asid ɗin a hankali cikin ruwa mai yawa. In aka juya, aka zuba ruwa kan asid mai ƙarfi, tafasa yake ya fantsamo fuska. Bayan tsiyayawar sai mai lura ya riƙa barbaɗa bekin soda, ɗan'uwan kanwa, har kumfa ta kwanta, takardar gwajin pH ta nuna kusan 7.

Ruwan batir kuwa akwai dalma a ciki. A jarka ake rufe shi, a rubuta sunansa, a miƙa wa masu kwashe shara mai guba.