Ranar da Na'urar Ta Ƙi Motsi

Karatu: Luka 5:1-7

A watan Yuli na 2017 aka yi gasar ƙera mutum-mutumi ta FIRST Global a birnin Washington, Amurka. 'Yan mata shida daga Herat ta ƙasar Afganistan sun nemi biza sau biyu, aka hana su. Kayan aikinsu ma suka makara, sai mako biyu kacal suka samu na haɗa na'urarsu. Daga baya aka bar su suka je, har suka samu lambar azurfa ta jarumtaka.

Ƙaunataccen matashi, wataƙila naka bai kai nan ba. Kun yi makonni kuna haɗa wayoyi, aka ɗauke wuta a Tudun Wada, batir bai cika ba, na'urar ta tsaya cak gaban alƙalai. Kunya takan sa mutum ya ce ya bari ke nan.

Bitrus ma ya kwana yana fama, ko kifi ɗaya babu. Lura, bai ɓoye wa Yesu gajiyarsa ba. Ya faɗa, sa'an nan ya sāke jefa tarun.

Iyaye, in yaro ya dawo hannu wofi, kada ku fara da faɗa. Ku tambaye shi wace waya ce ta kwance.

Addu'a: Ya Uba, ka ba 'ya'yanmu ƙarfin zuciya su koma kan aikin da ya ƙi su jiya, cikin sunan Yesu. Amin.