Kasr mai harafi a ƙasa: shawarwari ga iyayen ɗalibai a Jidda

Yaran Hausawa da ke makarantun gwamnati a Jidda, daga Karantina har Sabil, da Larabci suke koyon lissafi. Ranar da ɗan sanawi, wato sakandare, ya shigo gida da kasr mai harafi a ƙasa, irin 1/x, iyaye da yawa sai su janye hannu. Don Allah kada ku janye. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya riga ya san rabin aikin.

1. Ku fara saba wa idonku. Littafin yaro daga dama yake farawa. Inda kuka san x a Kano ko Maraɗi, a littattafan azuzuwan da ke ƙasa da sanawi harafin sin za ku gani. A kasr, na sama sunansa basɗ, na ƙasa maƙam. A lambobin Larabci, biyar kamar sifilinmu take, sifili kuma ɗigo ne.

2. Ku shigo masa ta ƙofar gado. Mutum ya rasu ya bar ɗa: matarsa tana da tumuni, mahaifiyarsa sudusi. Babu malamin da zai tara 8 da 6 ya ce 14. Lambar da za ta rabu da su duka yake nema, wato 24, ita ce asalin mas'ala. Mata ta ɗauki 3, uwa 4, kashi 7 ke nan cikin 24. To, haka 1/x + 1/3 yake. Asalin mas'alarsa 3x, sai na farko ya koma 3/3x, na biyu x/3x, amsa (3 + x)/3x. Kamannin nan ba dace ba ne. Littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, wanda aljabara ta samo suna daga gare shi, babban ɓangarensa lissafin wasiyya da gado ne.

3. Ku sa shi ya gwada amsarsa da lamba. Yara sun fi faɗawa tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, su rubuta 2/(x + 3). Kada ku yi faɗa. Ku ce ya sa 6 a gurbin x: tasa ta ba da 2/9. Sannan ku yanka tamis ɗin karin kumallo gida shida, ku miƙa masa yanka ɗaya, ku ƙara masa biyu. Sudusi da sulusi, ga rabin tamis a hannunsa.

4. A ɗebewa nake roƙon ku sa ido sosai, don nan ko mai ƙoƙari yake zamewa. A 3/(x − 1) − 2/(x + 1), lallai ya rubuta 3(x + 1) − 2(x − 1) a sama da bakansa kafin ya buɗe. Alamar ɗebewa tana hawa kan duk abin da ke cikin baka, shi ya sa sama take zama x + 5. Wanda ya yi gaggawa x + 1 zai samu.

5. Maƙam ba ya zama sifili. A misalin nan, ya rubuta a gefe cewa x ba 1 ba ce, ba kuma −1 ba.

6. In malami ya yi masa sauri, darussan tashar Ain suna YouTube kyauta. Ku zauna tare bayan isha'i, ku riƙa tsayar da bidiyon, ya yi aikin da alƙalaminsa kafin a nuna amsa.