Ga Sababbin Malaman Aji Ɗaya a Dogo Tebo

'Ya'yana, ku da kuka fito daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Potiskum ko wata kwalejin, aka ba ku aji ɗaya, kada ku ɗauka an raina ku. Ajin da ya fi kowanne nauyi aka damƙa muku.

Ɗan shekara shida ba da kai wayam yake zuwa ba. Ya san canjin da zai karɓo idan an aike shi shago, ya san akuyar gidansu a cikin garke, da yawansu ma sun fara allo, Fatiha da ƙananan surori suna bakinsu. Wani Ngizimci ake yi a gidansu, wani Karekare, wani Bolanci ko Fulatanci, a waje kuma Hausa ta haɗa su. Abin da ke damuna shi ne a zaunar da irin wannan yaro tun safe, bulala a hannun malam, yana maimaita Turancin da bai san ma'anarsa ba. Kafin zango ya ƙare sai ka ga bakinsa ya mutu.

A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara wa yaro karatu da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin suke yi. A Ile-Ife kuma, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon firamare, ko a Turancin ma ba su gaza takwarorinsu ba. Don haka ku saki jiki da Hausa, Turanci ya shigo a hankali ta baka.

Ku gwada wannan. Ranar Alhamis, washegarin kasuwar shanu, ku kawo laka. Kowane yaro ya gina sansa, da tozo da ƙaho. A jera su, a ƙirga. Ɗaya ya zama dillali, ɗaya mai saye, murafen kwalba su zama kuɗi. An sayar da uku cikin takwas, saura nawa? Daga nan a fita tsakar makaranta, kowa ya rubuta "sa" da yatsa a kan rairayi, sannan wata yarinya ta ba da labarin inda santa ya fito. A safiya ɗaya kun yi lissafi da rubutu da magana da aikin hannu, ba wanda ya yi kuka.

Tatsuniya da kacici-kacici da gaɗa da langa duk karatu ne a wannan shekarar, haka gaisuwa da wanke hannu da jiran layi. Ku kuma riƙa duba fuskoki, domin yaron da ya fito bai sha koko ba, ba taurin kai ke sa shi gyangyaɗi ba.

Na san wani ajin ba masaka tsinke, alli ma sai an nema. Ku raba yaran rukuni-rukuni, masu wayo su ja na baya. Iyaye za su zo suna tambayar me ya sa littafi bai cika ba, riga kuma ta yi laka. Kada ku yi fushi. Ku ba su wurin zama a bayan aji, su kalli darasi ɗaya da idonsu. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku haƙuri da yaran nan.