Shawara ga Matuƙin Jirgin Kaya Mai Zuwa Lafiya

Matuƙin jirgin kaya wanda iyalinsa ke Abuja, alhali kuwa aiki ya kira shi filin jirgin Kwandare da ke Lafiya, wanda Shugaba Buhari ya buɗe a 2022, wajibi ne ya bar gida tun ana gobe tashi, domin wanda ya san cunkoson Nyanya da Mararraba, inda mota kan tsaya har mai tallan gyaɗa ya gama ciniki ya kawo canji, ba ya ɗora amanar jirgi bisa zato. Ya bar wa direba tuƙi, shi ya huta. In sun wuce Keffi da Akwanga, suka gangara tsaunukan Nasarawa Eggon da sauran rana, sai ya sauka Lafiya, ya yi sallarsa ta ƙasaru, ya kwanta da wuri.